Sanfulawar da ke tohowa duk shekara: wacce ta dace da jikin shinge?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Akwai ɗan tsirin wuri a bayan gida, jikin shingen katako, faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 16. Rana na dukansa daga hantsi har la'asar. Ƙasar laka ce irin tamu ta Kolombos a jihar Ohayo ta Amurka, in an yi ruwa ta riƙe, in an kwana biyu babu ta tsattsage. Ina son sanfulawa wadda ba sai an sake shukawa duk shekara ba, kuma 'yar asalin nan. Kunyoyin kuɓewa da yakuwa suna gaba da wurin da kamar ƙafa 5. Wacce zan sa? Kuma iri zan saya ko dashe?

Bakanon Dallas: Wa alaikumus salam Hajiya. Maximilian. Ki rufe ido ki saya. Ba ta neman taki, ba ta neman lallashi, fari ba ya kashe ta. Daga Satumba zuwa Oktoba karan yake cika da fure tun daga ƙugu har kai, rawaya kamar kalankuwa a ƙarshen damina.

Auta: Bakano ya baza haja tun ba a buɗe kasuwa ba.

Bazazzagi: Bakano ai ko ƙaiƙayi ka ba shi cewa zai yi a rufe ido a saya. Hajiya buɗe idonki tukuna. Shingen yana arewa da kuɓewar ne ko kudu? Kuma me ke bayansa?

Maman 'Yan Biyu: Arewa yake, Malam. Bayansa ciyawar maƙwabci ce.

Bazazzagi: To madalla da arewa, inuwa ba za ta faɗa kan kuɓewa ba. Maƙwabcin ne abin dubawa. Bari in faɗi yadda abin ke ɓaci, don kusan kullum hanya ɗaya yake bi.

Waɗannan furanni ba da iri kaɗai suke yaɗuwa ba. Suna da saiwa mai rarrafe irin ta tofa, fara, kaurin fensir, tana tafiya a kwance kusa da saman ƙasa, inda ta ga dama ta ɗago kai ta zama sabon kara. Shekarar farko ba ki ganin komai. Dashe uku, kowanne kara ɗaya ko biyu, har ki ce an cuce ki. Shekara ta biyu kowane gindi ya zama dami, a nan ne mutum ke ɗaukar hoto yana turo mana muna masha Allah. Ta uku sai toho ya fara leƙowa inda ba ki shuka ba: tsakiyar kunyar yakuwa, ƙarƙashin katako, cikin ciyawar maƙwabci. Naki ɓangaren kina iya sa shebur. Nasa fa? Ba ki da ikon haƙa gidan mutum, kuma duk abin da ya rage can ta ƙarƙashin shingen zai dawo miki.

Daga nan sai kuskure na biyu. Mutum ya ga abu ya fi ƙarfinsa, ya ɗauko injin kaftu ya bi ta kai. Injin daddatsa saiwar yake yi, kowane guntu mai ido kuma sabon gindi ne. Wanda ya yi haka da hannunsa ya shuka gona guda.

Tun kafin shuka ake ɗaure ta. Ki bar tazarar ƙafa ɗaya da rabi tsakanin gindi da shinge, yadda shebur zai iya shiga ta baya. Ki samo baƙar robar nan mai kauri da ake sayarwa don tsare gora, mai faɗin inci 18. Ki haƙa siririn rami zagaye da wurin, zurfin inci 16, ki tsayar da ita a ciki, inci 2 ya rage a waje. Dalilin leɓen shi ne saiwar in ta ci karo da bango sama take hawa don ta tsallake, in leɓen na waje kina ganinta ki datse. Inda bakin robar biyu suka haɗu ki ɗora ɗaya kan ɗaya da ƙafa guda ki matse sosai, ta nan take fara ɓullewa. Siririyar robar gefen fulawa mai inci 4 ado ce kawai, ba ta tare komai.

In haƙa ramin kusan ƙafa 40 a laka ya yi miki yawa, kuma zai yi, ki nemi manyan tukwanen roba da ake sayar da itatuwa a ciki, masu galan 15. Ki yanke gindin, ki binne, leɓe a waje. Bokitin fenti mai galan 5 ya yi kaɗan. Cikin shekara biyu saiwa ta cika shi, tsakiya ta mutu, fure ya ƙanƙance.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa kuma ki kira 811, aƙalla kwana biyu na aiki kafin ranar. Kyauta ne, za su zo su yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Jikin shinge nan ne wayar intanet ta fi son kwanciya, kuma ba a binne ta da zurfi.

Goggo Mai Yakuwa: Wannan na 811 kar a yi wasa da shi.

Ɗalibin Gona: Malam a gafarce ni, akwai ɗan gyara. Ba duka suke gudu iri ɗaya ba. Dangin Helianthus, wato sanfulawa a sunan Latin, sun haura 50, mafi yawansu masu daɗewa ne, kowacce da halinta. Masu dogon gudun da Malam ya siffanta su ne tuberosus, da grosseserratus mai bakin ganye kamar haƙorin zarto, da pauciflorus, da divaricatus ta bakin daji. Mollis mai ganye ruwan toka ita ma tana gudu. Maximilian kuwa saiwarta gajera ce, gindin ne ke faɗaɗa a hankali kamar gindin gamba. Tata matsalar iri ce, tana zubar da shi ya tsiro duk inda ƙasa take a tone, wato daidai kunyoyin Hajiya. Microcephalus ta fi su zama wuri ɗaya. Tsawonta ƙafa 4 zuwa 6, furen ƙanana ne amma da yawa, kuma tana jure ɗan inuwa.

Sannan tunda Hajiya ta ce 'yar asalin nan take so: Maximilian gidanta filayen tsakiyar nahiyar ne, daga kudancin Kanada har Teksas. Sunan ma na wani basaraken Jamus ne, Maximilian na Wied, wanda ya zagaya Amurka tsakanin 1832 da 1834 har ya haura kogin Misuri. Gabas da can yawanci mutane ne suka kai ta. A Dallas 'yar gida ce, a Ohayo baƙuwa ce. Na Ohayo akwai giganteus, grosseserratus, divaricatus, microcephalus, occidentalis da tuberosus.

Bakanon Dallas: Baƙuwa? Daga Amurka zuwa Amurka? To mu da muka taso daga bakin Kurmi me za a kira mu?

Auta: Iri mai yaɗuwa.

Bazazzagi: Wanda roba ba ta tarewa.

Kawu Minesota: Ku bar Bakano ya huta. Ni abin da ban ji an taɓa ba shi ne kwanciya. Maximilian a ƙasar Dallas mai duwatsu da ƙarancin ruwa tana tsayawa ƙafa 5 ko 6 ƙyam. Ki kai ta laka mai ƙarfi inda ake ruwa duk mako, sai ta miƙe ƙafa 8 zuwa 10, karan ya yi laushi, iskar farko ta Satumba ta kifar da ita. Ina za ta faɗi? Bayanta shinge ne, saura gaba, kan kuɓewa. Giganteus ma haka, sunanta ya faɗa miki, ma'anarsa ƙatuwa.

Abu biyu ke kawo wannan, taki da inuwa. Kar ki sa mata takin zamani ko kaɗan, musamman mai yawan naitirojin irin na ciyawa. Ki lura ma in ana watsa wa ciyawar gidan taki, kar ya kai ƙafa 3 kusa da ita. Ruwan da kike bai wa kuɓewa kullum shi ma kar ya riƙa gangarowa gindinta.

Sai aski. Cikin Yuni, in kara ya kai ƙafa 2 zuwa 3, ki sa almakashin lambu ki rage kashi ɗaya cikin uku, ko rabi in kina da ƙarfin zuciya. Ki yanke ɗan sama da inda ganye ya fito, daga nan rassa biyu ko uku za su fita.

Maman 'Yan Biyu: Rabi fa Kawu? Ba zai hana fure ba?

Kawu Minesota: Ba ya hanawa, 'yata, ƙara shi yake. Masu furen kaka ba sa ɗaura fure sai yini ya fara gajarta, don haka a Yuni ba abin da kika yanke sai ganye. Furen zai ɗan ƙanƙance, ya makara da mako ɗaya ko biyu, amma kai ya yawaita kuma kara ya tsaya. Iyakarki makon farko na Yuli. Masu lambu a nan da hutun 4 ga Yuli suke tunawa, in ya wuce a ajiye almakashi. Wanda ya yi aski a Agusta ya yanke furensa.

Dabara ɗaya: na gaba ki rage rabi, na tsakiya kashi ɗaya cikin uku, na baya ki bar su. Gajerun gaba su tokare dogayen baya, su kuma rufe ƙafafunsu, don ganyen ƙasa bushewa yake a Agusta ya yi muni.

Hajiya Atlanta: Ni dai angustifolius nake ba kowa shawara. Ganye siriri, kore shar, furen kuma ya fi na duka haske. Tana son ƙasa mai damshi, ai laka kenan.

Ɗalibin Gona: Hajiya a wajenku ba ta da ta biyu. Amma ta fadama ce, damshi mai ɗorewa take so, ba laka mai tsagewa a Agusta ba. Kuma sai Oktoba take buɗewa sosai. A Jojiya tana da sauran lokaci. A Kolombos sanyin da ke ƙona ganye yana iya sauka tsakiyar Oktoba, ya same ta tana tsaka da fure.

Hajiya Atlanta: To su dawo kudu mana, wa ya aike su cikin ƙanƙara.

Auta: Ita wadda ake cin saiwarta fa? Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga fure ga abinci.

Goggo Mai Yakuwa: Tuberosus kenan, wadda shaguna ke rubuta wa sunchoke. Saiwar kamar citta a ido, a baki kuma tsakanin dankali da rizga. Ana binne ta zurfin inci 4 zuwa 5, tazarar inci 18, farkon bazara. Kara yana kai ƙafa 8 zuwa 10. Ba a haƙa sai sanyi ya kashe ganyen, ta fi zaƙi a lokacin. Fatarta siririya ce, ba ta ajiyuwa kamar dankali, kwana kaɗan a waje ta yamushe. Sai dai a haƙi na ci a bar saura a ƙasa, ko a sa a leda cikin firij. Amma ba a wurin Maman 'Yan Biyu ba. Guntu kamar ƙwayar gyaɗa in ya rage a ƙasa baɗi sai ya fito, kuma ba wanda ya taɓa haƙe ta tas. Ko dai babbar randar roba a kan siminti, ko wani lungu da injin yankan ciyawa ke zagaye shi ta ko'ina.

Bakanon Dallas: Goggo ba ki faɗi babban aibinta ba.

Goggo Mai Yakuwa: Kai ka faɗa, kai ne marar kunya.

Bakanon Dallas: Kar dai a ci ranar Juma'a. Alwala ba ta zama.

Auta: Wake ma sallamawa yake yi.

Ɗalibin Gona: Gaskiya ce ba wasa ba. Ba sitaci take tarawa ba, wani abu ne da ake kira inulin. Cikin ɗan Adam ba ya narkar da shi, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin da ke can su ci, iska ta taso. A fara da guda ɗaya ko biyu, a dafa sosai. Kuma don Allah kar wani ya tura wa dangi cewa maganin ciwon suga ce. Abinci ce kawai.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Shugaba. Iri ko dashe?

Goggo Mai Yakuwa: Dashe, 'yata. Wurin ƙafa 16 gindi 5 ko 6 kawai yake ci, tazarar ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Za ki ga fili ya yi yawa a tsakani, ki daure, kar ki cike. Ƙananan dashe na cikin faranti sun fi manyan tukwane sauƙin kuɗi, kuma sun fi saurin kama ƙasa. Ki jira tsakiyar Mayu. Rami ya ninka tukunyar faɗi amma kar ya fi ta zurfi, wuyan dashen ya zauna daidai da saman ƙasa. Ƙasar da kika haƙo ita za ki mayar. Mutane na cika ramin da takin gargajiya da baƙar ƙasar buhu don tausayi, a laka kuwa wannan kwano kika yi: ruwa ya taru a ciki ya rasa mafita, saiwa ta ruɓe. In za ki sa taki, inci ɗaya a sama ya isa, shekarar farko kawai.

Ruwa: mako biyun farko duk bayan kwana biyu ko uku. Daga nan sau ɗaya a mako, mai yawa, kamar inci ɗaya in sama ba ta bayar ba. A gindi, ba a ganye ba. Shekara ta biyu ki ƙyale ta sai in fari ya yi tsanani. Ki shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin inci 2, kar ya taɓa kara.

Sai zomo. Sabon toho a Mayu shi ne alawarsa, dare ɗaya ya aske shi har ƙasa. Ragar waya mai idon inci ɗaya, tsayin ƙafa 2, a zagaye kowane gindi, a danne ƙasanta da ƙusoshin ƙasa. In kara ya yi kauri ya yi gashi ba ya kula shi, sai ki cire. In unguwarku da barewa wannan ragar ba ta isa ba, su daga sama suke ci.

Wajen saye kuma ki tambaya ko an ba dashen maganin ƙwari irin mai shiga jikin tsiro. In an ba shi, har cikin furen yake kaiwa, ƙudan zuman da kike kira ke za ki cutar. Ki fi neman masu sayar da tsirran gida, ko kasuwar dashe da ƙungiyoyin lambu ke yi a Afrilu da Mayu.

Kawu Minesota: Iri ma ba wuya in mutum na da haƙuri, sai dai yana son ya ɗanɗani sanyi kafin ya farka. Kwana 30 cikin sanyi mai damshi. A jiƙa rairayi kamar cokali 4, a matse har ruwa ya daina ɗiga, a cuɗa da irin, a sa a leda, a rubuta kwanan wata, a ajiye a firij. Firij, ba firiza ba. A riƙa leƙawa duk mako, wanda ya fasa baki a shuka shi nan take. Zurfin shuka kwatan inci, kar a wuce. Yanzu muna Maris, in aka sa yau tsakiyar Afrilu an shirya.

Hanyar malalata kuma jarkar madara ce a Janairu. A huda gindi, a yanka ta tsakiya a bar wajen mariƙi, a zuba ƙasar tukunya inci 4, a shuka, a naɗe da salatif, a cire murfi, a ajiye waje dusar ƙanƙara ta yi aikinta. Na iri yawanci sai shekara ta biyu yake fure na kirki.

Ɗalibin Gona: Akwai wani amfanin iri da ba a cika faɗa ba. Yawancin waɗannan furanni ba sa ɗaukar garin furen kansu, sai na wani gindi daban. In duk gindinki daga uwa ɗaya aka raba, a wajen tsiron mutum ɗaya ne, kai zai bushe ba ƙwaya sosai a ciki. Mai son tsuntsaye su samu abinci ya sa na iri, ko ya haɗa daga wurare biyu. Mai gudun ta zubar masa da iri a kunya kuma, gindi ɗaya da aka raba ya fi masa.

Yaya Shikago: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ga hoton bara. Wa ke yanke kan furen ya bar shi yana reto? Kamar da reza, ƙasa da kan kaɗan. Yara ake zargi.

Ɗalibin Gona: A wanke yara, Yaya. Wani baƙin ƙwaro ne mai dogon baki, bai kai rabin inci ba. Macen ce ke zagaye karan da cizo ɗan ƙasa da kan, ta yi ƙwai a cikin furen. Kan ya faɗi, tsutsar ta ci ta girma, ta shige ƙasa ta yi hunturu, baɗi ta fito. Feshi ba shi da amfani. Da safe ki zo da kwano mai ruwan sabulu, ki tara a ƙarƙashin kan da ke reto, ki yanke shi ya faɗa ciki, sau da yawa ƙwaron na nan a ɓoye. Na ƙasa ma ki tsince ki ƙulle a leda, kar ki zuba cikin takin gida.

Bakanon Dallas: Mu nan baƙaƙen tsutsotsi ne ke taruwa a ganye ɗaya kamar 'yan kallon dambe, su mayar da shi raga. Wannan kam sai feshi.

Goggo Mai Yakuwa: Kai dai Bakano. Malam-buɗe-littafi ne fa, ganyen sanfulawa shi ne abincin 'ya'yansa. Ka shuka 'yar gida don su zo, sun zo kuma ka ɗauko guba?

Bakanon Dallas: Na gayyace su fure, ban gayyace su ganye ba.

Goggo Mai Yakuwa: Wanda ya kira biki ai bai zaɓar wa baƙi inda za su zauna. Mako biyu ne su watse, gindin ya sake ganye. Jajayen darɓa da ke jeruwa a wuyan kara su ma ruwan tiyo mai ƙarfi ya ishe su.

Bazazzagi: Abin da ya fi tsutsa muni farar hodar nan ce kamar an watsa toka a ganye, da tsatsa mai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayan ganye. Cunkoso ke kawo su. A Mayu, in toho ya kai inci 6, a cire raunanan a bar masu ƙarfi, tazarar tafin hannu tsakaninsu, iska ta riƙa ratsawa. Ganyen da tsatsa ta kama a tsinke a zubar a shara. Farar hodar a ƙarshen Satumba ba ta kashe gindi, muni ne kawai. Wanda ke kisa shi ne in kara ya yi laushi a gindi, farin abu kamar auduga ya fito, ka fasa ka ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera. Wannan a tuge har ƙasar da ke jikinsa a fitar. Kuma duk shekara 3 ko 4 a tone gindin farkon bazara, a raba da shebur, a jefar da tsakiyar da ta tsufa, a mayar da gefe.

Na Gida: Salamu alaikum mutanen Turai. In wani zai zo hutu a riƙo min irin wannan, in gwada a Kaduna.

Auta: Amurka ce Alhaji, ba Turai ba.

Na Gida: Duk ƙanƙara ce.

Ɗalibin Gona: Alhaji ban ba ka shawara ba. Na farko, rayuwarsu a ɗaure take da dogon yinin bazarar nan da barcin hunturu. A Kaduna yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, sai su ɗauka kaka ta yi, su yi fure suna gajeru. Na biyu, shigar da iri ƙasa yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai. Na uku, in ma ta kama, nan ne abin tsoro. Dubi Tithonia, dogon furen nan rawaya ɗan Meksiko, yau ya cinye bakin hanyoyi da saurukan kudancin Najeriya. Abin da ake yaba wa a nan shi ne zamanta 'yar gida, a can kuwa ba ita ba ce. In mai kake so, ka shuka ta damina ɗaya da manoma suka sani.

Hajiya Atlanta: Haka nan ma kar a je bakin hanya a tono. Akwai wata a Karolina, schweinitzii, tun 1991 tana jerin tsirran da gwamnatin tarayyar Amurka ta ce suna gab da ƙarewa, kuma bakin titi ta fi fitowa. A ido duk rawaya ne.

Maman 'Yan Biyu: Wata ta ce min Lemon Queen. Na ga fakitin iri da sunan a shago, dala biyu.

Kawu Minesota: Kar ki saya, ba ita ba ce. Suna ɗaya, abu biyu. Ta fakiti ta damina ɗaya ce, Helianthus annuus, sanyi na zuwa ta mutu. Mai daɗewar a tukunya ake sayar da ita, don haɗin aure ce, ta hanyar raba gindi ake yaɗa ta. Furenta rawaya mai haske, faɗin inci 2, tsawo ƙafa 6 zuwa 8, tana farawa tun Agusta, kuma ta fi Maximilian tsayuwa a laka. Tana faɗaɗa, don haka tukunyar Malam ta galan 15 tana nan. Duk abin da za ki saya ki karanta sunan Latin a jikin takardar.

Ɗalibin Gona: Amma haɗi ce ta lambu, Kawu, ba ainihin 'yar daji ba.

Kawu Minesota: Ƙudan zuma ba sa tambayar takardar haihuwa, ɗana. Ka je ka tsaya gabanta da hantsi a Satumba ka ji ƙara.

Goggo Mai Yakuwa: Maman 'Yan Biyu, unguwarku akwai ƙungiyar masu gidaje? Ki duba dokarsu kan tsayin tsiro da busasshen kara. Don daidai shi ne a bar karan a tsaye duk hunturu, ƙananan tsuntsayen nan rawaya su ci ƙwayar. Sai bazara a yanke, a bar kututture ƙafa ɗaya zuwa 2, wasu ƙananan ƙudan zuma a cikin ɓargon karan suke ƙwai, sabon toho kuma ya rufe shi. Mu a Meriland tun 2021 doka ta hana waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum ciyawa zalla, amma ba kowace jiha ba ce.

Maman 'Yan Biyu: Babu ƙungiya, alhamdu lillahi. To yanzu microcephalus ko Lemon Queen?

Ɗalibin Gona: Microcephalus, gindi 6.

Kawu Minesota: Lemon Queen, gindi 5.

Bakanon Dallas: Maximilian.

Bazazzagi: Wani ya karɓe wayar Bakano.

Auta: Goggo, irin yakuwar da kika yi alkawari tun Janairu fa?

Goggo Mai Yakuwa: Fara ko ja?